Aron Soja: Daga Allon Kwamfuta Zuwa Fagen Kaffur

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikatan gwamnati, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin mu yi nazarin wani al'amari wanda ya faro mini daga wasa, ya ƙare a kan rayukan mutane.

Wani dare a zangon karatun da ya wuce, na koma ɗaki na tarar da abokin zamana ya tasa kwamfutarsa a gaba, ya duƙufa kan wani wasa na dabarun mulki da yaƙi mai suna Hearts of Iron IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016. A cikin wannan wasa mutum yakan zaɓi ƙasa guda ya riƙe ragamarta tun daga 1936, ya gina masana'antu, ya ƙulla ƙawance, ya yi yaƙi. Abokin nawa Jamus ya zaɓa. Da yaƙin basasar Sifen ya ɓarke a kan taswirarsa, sai ya ware runduna biyu ya aika wa Janar Faranko gudummawa, kamar dai yadda Hitila da Musolini suka yi da gaske. Na tambaye shi dalili, ya yi dariya ya ce, "Mutumina, ai wannan riba ce zalla. Yaƙin na wani ne, garuruwan da za a ƙona na wani ne, hafsoshina kuma su dawo da gogewa." Na ce, to mutum nawa ka rasa? Sai ya nuna mini wata 'yar lamba a saman allo, wadda ta ɗan ragu kaɗan, ya ci gaba da wasansa.

Ban ga laifinsa ba, kuma ba na cikin masu cewa irin waɗannan wasanni ɓata lokaci ne kawai. Wani wasan na kamfanin, watau Europa Universalis IV, ya sa Kano da Katsina da Zazzau cikin ƙasashen da ake iya zaɓa tun daga 1444, har ma yana ba ka damar ba wata ƙasa hayar rundunarka tana biyanka wata-wata. Yaro ya san taswirar duniya ta wannan hanya ya fi bai sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yar lambar nan. Mu da muke karatu a yau, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ake rubuta takardun aika soja waje, da na biyan su alawus, da na sanar da iyalansu mutuwarsu. Idan muka tashi da tunanin cewa soja lamba ce wadda ake ara a mayar, to ƙasa ta shiga uku. Ni kuwa mutumin ƙasar Haɗeja ne, kuma tarihin garinmu ya ishi mai hankali darasi a kan aron soja.

Abin da ya faru a Kaffur

A daular Sakkwato al'ada ce sarakuna su aika wa Sarkin Musulmi dakaru idan ya yi kira, musamman da rani, sa'ad da ake fita yaƙi da Gobirawa da Kabawa da Katsinawan Maraɗi. Wannan tsari shi ne ƙashin bayan tsaron daular, domin kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a Haɗeja aka ga iyakarsa.

Buhari ɗan Sambo ya hau gadon sarautar Haɗeja a 1848, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ba a jima ba ya saɓa da Sakkwato, bayan kisan Sarkin Auyo, aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ƙi miƙa wuya. Ya nemi goyon bayan Barno, wadda ta daɗe tana jin zafin ƙasashen da ta rasa a yamma tun lokacin jihadi, ya kuwa samu. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma ambaci tashin hankalin da wannan rikici ya jawo a yankin. Buhari ya komo ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Sai Sakkwato ta yi gayya, aka tattaro mayaƙa daga Kano da Zazzau da Bauci da Katagum da wasu ƙasashen, rundunar Kano tana ƙarƙashin Galadima Abdullahi, wanda ya zama Sarkin Kano a 1855. A 1853 aka gamu a Kaffur, kusa da Haɗeja, Buhari ya tarwatsa taron. Daga nan ya zauna bisa gaban kansa har ya rasu a 1863 wajen yaƙi da Badawa.

Ba yabon Buhari nake yi ba. Talakawan gabashin Kano da na Katagum da na Marma sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa, an ƙone garuruwa, an kama bayi ba adadi. Abin lura a nan shi ne darussa biyu. Na farko, a ganina, taron da ya fi yawa ya karye ne domin kowace ƙungiya da sarkinta da tambarinta da lissafinta, kuma barden da aka ɗauko daga Bauci ko Zazzau ya san ko an ci Haɗeja ko ba a ci ba, gonarsa tana can inda ya bar ta, alhali mutanen Buhari sun san idan aka ci su ba su da wurin komawa. Na biyu, Barno ba don ƙaunar Haɗejawa ta taimaki Buhari ba, ta yi ne don ta sa wa Sakkwato ƙaya a ƙafa. Mai ba da aron soja kullum da tasa bukatar a ƙarƙashin riga. Wannan bukatar ita ce abokina ya faɗa a fili da ya ce riba ce zalla.

Sa'ad da muka zama kayan aro

Shekara hamsin da uku bayan Kaffur, ran 25 ga Afrilu 1906, rundunar Turawan Ingila ta auka wa Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu, wanda har yau ake kira Mai Shahada, tare da manyan fadawansa da jama'a masu yawa. To, su wane ne suka riƙe bindigogin? Hafsoshi dai Turawa ne, amma sojojin baƙar fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauran ƙabilun ƙasar nan, 'yan rundunar Afirka ta Yamma wadda aka kafa a 1897 ƙarƙashin Lugga. Wata guda kafin haka, an murƙushe Satiru kusa da Sakkwato, har da gudummawar dawakin sarakunan wurin. Watau Bature ya ci ƙasar nan da hannun 'ya'yanta.

Da ya gama cin ta, sai ya shiga ba da aronmu ga yaƙe-yaƙensa. An kai sojan Nijeriya Kamaru daga 1914 zuwa 1916 don yaƙar Jamusawa, aka wuce da su Afirka ta Gabas. A yaƙin duniya na biyu sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941, sa'an nan aka kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya da Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Wanda yake shakka ya dubi sunayen barikokinmu, Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung a Ikko. Duk tsarabar Bama ce.

Ba wanda ya shawarci manomin fadamar Haɗeja ko masuncin Nguru kafin a ɗauki ɗansa zuwa dajin da bai taɓa jin sunansa ba. Sarakuna aka ba umurni su kawo mutane, su kuma suka umurci hakimai da dagatai. Albashin baƙin soja bai kai na Bature mai irin muƙaminsa ba, ko kusa. Bayan yaƙi kuwa, mazan jiya da yawa sun komo ba aikin yi, ba abin da aka yi musu alkawari. A Ankara ta ƙasar Gana, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji sun yi jerin gwano don kai kukansu ga Gwamna, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe uku daga cikinsu. Ingila ta ci yaƙinta, ta sami kujera a teburin manya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Bayan mulkin kai

Da muka sami 'yanci a 1960, ikon ba da aron ya dawo hannunmu, kuma gaskiya ita ce wani lokaci mun yi abin kirki da shi. Sojanmu sun yi aiki a Kwango daga 1960 zuwa 1964 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, har Janar Aguiyi-Ironsi ya shugabanci rundunar baki ɗaya a ƙarshenta. A Janairun 1964 sojan Tanganyika suka yi bore, Shugaba Nyerere ya ga tilas ya kira Turawan Ingila, abin da ya zama abin kunya ga sabuwar ƙasa. Nijeriya ta aika bataliya guda ta karɓi Turawan, ta riƙe tsaro wajen wata shida har aka soma kafa sabuwar runduna, ta tattara kayanta ta komo gida. A ganina wannan shi ne aro mai kyau, mai gida ne ya roƙa, an san aikin, an san ranar gamawa.

A Cadi kuwa an ga akasin haka. A ƙarshen 1981 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta aika runduna ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Nijeriya. Shugaba Gukuni Waddai yana zaton an zo a taya shi yaƙar Hissen Habre, rundunar kuwa tana ganin raba faɗa ta zo yi. Kuɗin da ƙungiyar ta yi alkawari bai zo ba, nauyin ya faɗo kan Nijeriya. A Yunin 1982 Habre ya shiga Injamena, sojanmu suka komo ba tare da an san abin da aka je yi ba.

Sai kuma ECOMOG, wadda ta sauka Laberiya a Agustan 1990, daga baya ta shiga Saliyo ta mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Maris 1998. Nijeriya ce ta ba da yawancin sojojin da yawancin kuɗin, dala biliyoyi, ta kuma rasa ɗaruruwan 'ya'yanta. An ceci rayuka a can, wannan ba a musu. Amma gwamnatocin soja ne suka yanke shawarar, ba majalisa, ba muhawara, kuma abin mamaki, gwamnatin da ta je Firitawun mayar da zaɓaɓɓen shugaba ita ce take tsare da wanda ya ci zaɓen 1993 a gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Akure. A Yulin 2008 waɗansu sojoji da suka komo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka fito kan titi suna kukan an danne musu alawus. Aka gurfanar da su gaban kotun soja, a 2009 aka yanke wa 27 hukuncin ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta, aka kuma yi musu afuwa. Bore a soja laifi ne babba, ba na jayayya da wannan. Sai dai ku lura da yadda tsarin yake, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta biyan soja hannu da hannu, gwamnatinsa take biya, kuma tun 2018 kuɗin ya haura dala 1,400 a wata kan kowane mutum guda. Tsakanin wannan kuɗi da aljihun kurtu akwai tebura da yawa, kowane tebur da ma'aikaci a bayansa.

Masu cewa a daina gaba ɗaya

Akwai 'yan'uwa da za su ce, tun da haka ne, kowa ya tsare gidansa, gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Maganarsu tana da ƙarfi, musamman ga wanda ya ga halin da Barno da Zamfara da Katsina suka shiga. Amma ban yarda da ita ɗungum ba, kuma kogin garinmu ne ya hana ni yarda. Ruwan da ya taso daga ƙasar Kano ya ratsa Haɗeja, shi ne yake bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar, ya wuce kusa da Damasak ya faɗa tafkin Cadi. To, a Maris 2015 sojan Cadi da na Nijar ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram. Ran nan mu ne masu karɓar aro. Wanda ya ci gayyar maƙwabta a gonarsa ba shi da bakin cewa ba ya zuwa ta kowa. Mutanen fadama sun fi kowa sanin haka, domin shekarar da kogi ya yi ambaliya, kamar 2022, ba a tambayar unguwar da jinga ta ɓalle, kowa buhun ƙasa yake ɗauka, don ruwan da ya ci gidan maƙwabcinka naka yake nufa.

Sai dai gayya tana da ƙa'ida, kuma 2023 ta nuna mana amfanin ƙa'idar. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, kowa kuma ya san sojan wa za a sa gaba. Sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a tura sojan Nijeriya fagen fama a waje sai da amincewar Majalisar Dattawa. Inda tsaron ƙasa yake cikin haɗari na gaggawa, Shugaban Ƙasa yana iya tura su aiki taƙaitacce, amma dole ya nemi yardar Majalisar cikin kwana bakwai da fara faɗa, ita kuma ta ba da amsa cikin kwana goma sha huɗu. Ran 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, ta ce a bi hanyar sulhu. Mutumin Maigatari ko Birniwa, wanda kawunsa yake Damagaram, surukinsa yake Magarya, ya san irin wutar da aka kauce wa. Rufe iyaka kaɗai, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, ya isa ya durƙusar da kasuwanni a ɓangarorin biyu, balle harsashi.

Sharuɗɗa huɗu

Ra'ayina shi ne a ci gaba da taimakon maƙwabta da soja idan bukata ta kama, amma bisa sharuɗɗa huɗu, kuma in ɗaya ya faɗi a fasa.

Na farko, wakilan jama'a su yarda kafin a tafi, a fili, bayan muhawarar da za a watsa a rediyo da harsunan da iyayen sojojin suke ji. Ƙofar gaggawa da Tsarin Mulki ya bari ta zauna ta gaggawa, kada ta zama hanyar shiga ta kullum.

Na biyu, a rubuta aikin da za a yi, da wanda zai ba da umurni, da wanda aka je taimako. A bambanta taimakon jama'ar ƙasa da tsare kujerar mutum guda. Rashin wannan ne ya kunyata mu a Cadi, kuma irinsa ne ya watsa taron Kaffur.

Na uku, a bayyana wanda zai biya, a buga lissafin kowace shekara, kuma haƙƙin soja ya shiga hannunsa kai tsaye a kan kari. Wanda ya taɓa kuɗin, a hukunta shi kafin a hukunta mai kuka.

Na huɗu, a sa ranar komowa, a kuma faɗi sunayen waɗanda ba su komo ba. A Satumban 2007 an kai hari sansanin Haskanita a Darfur, aka kashe sojojin Tarayyar Afirka, yawancinsu 'yan Nijeriya. Mu nawa ne a wannan jami'a za mu iya kawo sunan ko da guda ɗaya? Ƙasar da ba ta ƙirga matattunta a bainar jama'a, ba za ta ji nauyin aika waɗansu ba.

A karkararmu, idan ka ari shanun huɗa na maƙwabcinka, kai za ka ba su harawa da dusa, ka shayar da su, ka mayar da su kafin magariba, in kuwa ɗaya ya yi targaɗe ka je da kanka ka yi bayani. Abin kunya ne a ce sa ya fi ɗan mutum samun wannan kulawa.

Kira ga 'yan'uwa

Ku matasan ma'aikata, wata rana fayil zai iso teburinku, na alawus ɗin wani kofur da ya yi aiki a Darfur ko Gambiya, ko na haƙƙin matar da mijinta ya kwanta dama a bakin aiki. Kada ku bar shi ya kwana. Kada ku ce ta dawo gobe, alhali kun san daga Kafin Hausa ko Malam Madori ta taso da kuɗin mota na rance. Mu kuma ɗalibai, ina ba ƙungiyarmu shawara ta shirya muhawara a kan Sashe na 5, ta gayyato malaman shari'a da na tarihi da tsofaffin sojoji. Masu zuwa hutu su nemi mazan jiyan Kwango da Labanan da Laberiya da suka rage a unguwanninsu, su ɗauki labarinsu da wayar da ke aljihunsu, domin 'yan Bama sun kusa ƙarewa ba mu rubuta nasu ba.

Abokin zamana yana nan yana wasansa, ni ma nakan karɓa in taɓa. Idan yaƙi ya ɓaci masa yakan koma inda ya adana wasan ya sake sabon lale, rundunarsa ta tashi cif kamar ba a taɓa ta ba. Waɗanda aka binne a Kaffur da Kaladan da Manrobiya ba su sami wannan dama ba, kuma waɗanda za a aika nan gaba, da sa hannunmu, su ma ba za su samu ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.